Ndaceko da Makirfon da Ke Ji ta Baya

Da hantsi Malam Ndaceko yake buɗe shagonsa, wani ɗan ɗaki mai rufin kwano a layin masu gyara da ke bayan Kasuwar Kure. Ya share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya fito da rediyoyin mutane da lasifikun masallatai ya jera a kan benci. Daga nan har azahar yana duƙe yana liƙi da dalma, kowa na ganinsa, kowa na gaishe shi. Sai ya dawo daga sallah ne yake yin abin da ya daɗe yana damun maƙwabtansa. Ya kashe fanka. Ya toshe taga da tsumma. Ya ja ƙofa ya rufe kansa a ciki, a zafin nan na Minna.

Haka yake yi tun ina ganinsa da baƙin gashi. Bana ya ce ya ajiye aikin, hannunsa ya fara rawa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gara in faɗa tun da wuri cewa ni mutum ne mai wuyar yarda da yabo. Ban yi nisa a makaranta ba. Ɗan abin da na sani a littattafan gwanjo da bakunan mutane na tsince shi, kuma sun koya min cewa duk inda baki ya zo ɗaya a kan kirkin mutum, watakila akwai wanda aka hana magana. Saboda haka ban je layin nan neman abin yabo ba. Aibu na je nema.

Na fara da Kafayatu, mai sayar da shinkafa da miya a rumfar da ke kallon shagonsa.

"Baba Rediyo?" in ji ta, tana ɗaure leda. "Mun zarge shi har mun gaji. Da farko muka ce mace yake ɓoyewa. Sai muka ga wace mace ce za ta zauna a wannan tanda? Muka koma tsafi. Mutum ba ya shan taba, amma yana bin teburan masu shayi yana tsintar kwalin sigari! Malam, kai me za ka ce?"

Takardar cikin kwalin yake so, mai ƙyallin nan, don da ita yake ƙera makirfo. Yakan jiƙa ta a ruwa har takardar ta saki, ya bar fatar alminiyon ita kaɗai, ya shimfiɗa a kan gilashi ya yi ta murzawa da bayan cokali har ta yi sirantar da babu sauran nauyi a jikinta. Sai ya yanko siririn ziri da reza, ya danna shi tsakanin haƙoran mataji biyu, ya fito da lanƙwasa kamar kwanon rufi. Wannan zirin yake ratayawa tsakanin maganaɗisu biyu da ya ciro daga matattun kwamfutoci a wurin 'yan gwangwan. Zirin ba ya taɓa ko ɗaya, a tsakiya yake reto. In mutum ya yi magana, iskar muryarsa ta kaɗa shi, kaɗawar nan ce ke zama 'yar wutar da ke bin waya. Wutar ba ta da ƙarfi, sai ya naɗa mata ɗan taransifoma da hannunsa, da wayar tagulla mai kaurin gashin kai. Gidan kuwa guntun bututu ne da matatan shayi biyu, cikinsu a lulluɓe da yankin tsohon ɗankwalin matarsa.

Kafin zirin ya shiga gidansa, numfashin mutum kaɗai ya isa ya yaga shi. Dalilin kashe fanka da rufe ƙofa ke nan. Shekara da shekaru ana raɗa a kan mutumin da ke zaune a ɗaki yana riƙe numfashi.

Masu ƙananan ɗakunan ɗaukar waƙa sun san darajar abin, haka mahaddata da mawaƙan coci. Yana ɗaukar murya da laushi, musamman ta tsofaffi, wadda wayar hannu ke mayarwa kamar ana kankare tukunya. Amma yana da hali ɗaya da makirfon biki ba shi da shi. Yadda yake ji ta gaba, haka yake ji ta baya. Ta gefe ne kawai ba ya ji.

Saboda wannan halin Ndaceko ya ɗora wa kansa wata ƙa'ida. Duk inda aka kira shi ɗaukar murya, kafin ya kunna komai sai ya ja layi a ƙasa da gawayi, ya miƙe ya ce da Hausarsa ta mutanen Bida, wadda ba ruwanta da mace ko namiji: "Jama'a, wannan abu kunnensa biyu, ɗaya gaba, ɗaya baya. Gefe ne kurma. Wanda ba ya so a ɗauki maganarsa, ya koma gefe." Mutane su yi dariya, su gyara zama. Ni kaina na ɗauka salon talla ne.

Bara waccan aka kira shi Tudun Fulani. Akwai wata tsohuwa, Gwaggo Mariyamu, wadda ta ƙare ƙuruciyarta da ƙwaryar nono a ka, ita kaɗai ta rage da ta san waƙoƙin tatsa da na tashin ruga na danginsu. Jikokinta suka so a adana su. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a zaure, Ndaceko ya ja layinsa, ya yi sanarwarsa.

"Kai maƙerin iska," in ji Gwaggo, "ni da ba na ji ta gaba ma, ka kawo min mai ji ta baya?"

"Gwaggo, ke dai buɗe baki. Ji aikina ne."

Ta yi nisa a waƙa ta biyu lokacin da Siddiq ya shigo. Ɗan wanta ne, dillalin shanu, mutum mara yawan magana. Bai ji sanarwa ba. Ya ga inda bakin makirfo ya kalla, ya zagaya ya tsuguna a bayansa, inda duk wanda ya saba zuwa biki ya san babu abin da ke kama murya. Wayarsa ta yi motsi a aljihu. Ya ɗaga nan take, ya rufe baki da tafin hannu, ya yi raɗa da Fillanci, sannan ya tashi ya fita da sauri ko sallama babu.

Mutum biyu suka lura. Ɗaya Ndaceko ne, da abin saurare a kunne, raɗar tana shigar masa a ƙarƙashin muryar tsohuwa. Ya ce min hannunsa ya kai kan makunni, amma Gwaggo ta rufe ido tana tsakiyar baiti, bai san ko zai dawo mata ba in ya katse ta. Ya bari. Na biyun Zikrullahi ne, shugaban 'yan sintirin unguwar, wanda ke tsaye a bakin zaure tun farko, ya kuma ji sanarwar da kunnensa.

Sai mai karatu ya tuna yadda lokacin yake. Ana tare mutane a hanyoyin ƙauye, kowa kuma ya yarda akwai masu ba ɓarayin dajin labari daga cikin gari. Kalmar infoma a bakin jama'a ba zagi ba ce, hukunci ce. Wanda ta manne wa, da wuya ya kai gaban alƙali da ƙafarsa. Zikrullahi kuma ba mugu ba ne. Ƙanensa na cikin waɗanda aka tare a hanya, har yau ba a ga ko takalminsa ba.

Washegari da safe ya zo shagon da mutanensa. Kafayatu tana rumfarta, ta ji komai.

"Baba, ba faɗa ya kawo mu ba. Memorin da ka ɗauki murya a ciki jiya muke so."

"Na Gwaggo ne. Shi ya kira ni aiki."

"Ka san ba waƙa muke nema ba."

"Kana jin Fillanci?"

"Ba na ji."

"Ni ma ba na ji. To me za ka ji? Za ka ji mutum yana raɗa, ka cike sauran da abin da ke cikinka."

"Za mu samu mai fassara."

"Ku samu. Amma sai mai maganar yana zaune. Ban ɗauki muryarsa da izininsa ba, ba zan ba da ita a bayansa ba."

Ana cikin haka ɗaya daga cikinsu ya ɗauki makirfon daga kan tebur, ya kai baki kamar mai sanarwa a wurin ɗaurin aure. "Fuu! Fuu! Halo, halo!" Zirin ya tsinke nan take. Kafayatu ta ce Baba bai ɗaga murya ba. Ya karɓa, ya leƙa ta matacin, ya ajiye a hankali. Zikrullahi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, yadda duk layin zai ji, "Baba, ka yi tunani. Mai ɓoye infoma ma sunansa infoma."

Kafin yamma magana ta zaga. Tsohon zargin rufe ƙofa ya farka da sabon suna. Me Banufe yake yi a ɗaki a rufe da wayoyi da maganaɗisu? Me ya haɗa shi da Bafillatani in ba cin abu tare ba? Masallatai suka aiko aka kwashe lasifikunsu ba a gyara ba. Masu gaishe shi suka koma kallon takalmansu. Wata safiya ya tarar an rubuta kalmar da gawayi a jikin ƙofarsa. Kafayatu ta ce ita ma ta daina aika masa abinci. "Ina da yara, Malam. Ban san shi a ciki ba."

Shi kuwa memorin yana cikin naɗin hularsa. Ya tafi kara, kasuwar shanu, ya samu Siddiq a bayan garke. Siddiq da kansa ya ba ni labarin wannan haɗuwa.

"Abina ya saci maganarka," in ji Ndaceko. "Laifina ne, ban gaya maka ba da ka shigo. Ban sake saurare ba, ko na saurara ma ba na ji. Ga ta nan. Taka ce."

Siddiq ya ce, "Baba, don girman Allah ka goge."

"In ka ce in goge, yanzu zan goge a gabanka. Amma ka sani, in na goge, ba wanda zai ƙara jin abin da ka faɗa, kuma kowa zai rantse ya san abin da ka faɗa."

"In aka ji, na shiga uku. In ba a ji ba, na shiga uku."

"To ka yi tunani. Ni zan jira."

"Za su ƙona maka shago."

"Kwano ne da katako."

A nan na daɗe ina juya maganar, don a nan nake zaton aibun yake. Ndaceko bai san abin da ke cikin raɗar ba. Bai tambaya ba. In da Siddiq infoma ne fa? Duk ranar da dattijon nan ya ƙara yana jira, rana ce da za a iya tare wata mota, a tafi da ƙanen wani. Wane ne ya ba mai gyaran rediyo ikon ya ɗora amanar mutum ɗaya a kan tsaron unguwa? Na yi masa wannan tambaya kai tsaye, ban tausasa ba.

"Na yi tunanin wannan," ya ce. "Barci ya ƙi ni a kansa. Amma ban hana kowa bincike ba. Ga mai unguwa, ga hukuma, ga mutumin yana yawo a kara. Abin da na ƙi shi ne in miƙa raɗa ga masu sanda. In mai laifi ne, a ji a gabansa. In ba mai laifi ba ne, a ji a gabansa. Hanyar ɗaya ce."

Ban ce amsar ta rufe min baki gaba ɗaya ba. Amma na nemi wadda ta fi ta, ban samu ba.

Siddiq ya zo da kansa, wata rana bayan azahar. Ya ce a kira mai unguwa, a kira Zikrullahi, shi Zikrullahin kuma ya zo da mai fassarar da ya yarda da shi. Zikrullahi ya kawo wani mahauci da ya tashi cikin Fulani. Suka shiga ɗan shagon, Ndaceko ya ja ƙofar nan da aka daɗe ana zargi, ya kunna.

Muryar Gwaggo ce a sama, tana kiran saniya da suna. A ƙarƙashinta raɗar ta fito tsaf. Mahaucin ya fara fassarawa da ƙarfi, sai muryarsa ta yi ta raguwa. Siddiq da ɓarayin daji yake magana, wannan gaskiya ne. Roƙonsu yake. Sun ɗauke 'yarsa Nabila daga rugar kakanninta can bayan Paiko, sun ce in ya gaya wa kowa, ko suka kira bai ɗaga ba, kada ya ƙara tambayarta. Yana ce musu yana kan sayar da shanun, su ƙara masa haƙuri. Yana cewa su kai mata wayar, ko tarinta ne ya ji. A nan mahaucin ya ce shi ba zai iya ci gaba ba.

Ba tsoron ɓarayin kaɗai ya rufe wa Siddiq baki ba. Ya san in aka ji Bafillatani yana waya da mutanen daji, ba wanda zai tsaya tambayar wa ke kuka a ciki.

Zikrullahi ya zauna a kan wata tsohuwar lasifika ya cire hula. Da na same shi kwanan baya, bai yi min daɗin baki ba. "Ni aikina zargi ne, Malam," ya ce. "In na daina, gobe a ɗauke wani. Ko a ranar sai da na sa mahaucin ya sake saurare daga farko. Amma na san abin da za mu yi da memorin nan in da Baba ya ba mu shi ran da muka je. Ba ma jiran fassara ta ƙare. Da mun ji da wa yake magana, shi ke nan."

Mai unguwa ya sa duk wanda ke ɗakin ya yi alkawarin yin shiru har yarinyar ta dawo, don in labari ya fita ranta ne a kai. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi tsaya min. Ndaceko ya fito daga ɗakin da abin da zai wanke sunansa a hannu, kuma ba shi da ikon nuna shi. Zikrullahi ya janye mutanensa, amma bai iya faɗin dalili ba, sai jama'a suka ce an toshe masa baki. Kalmar gawayi ta ci gaba da zama a ƙofa. Ndaceko bai goge ta ba, ya ce in ya goge za a sake rubutawa da fenti. Haka ya ƙare daminar yana buɗe shago da hantsi, yana share ƙofa, yana jera benci babu komai a kai. Bayan azahar ya rufe kansa ya yanka sabon ziri.

Nabila ta dawo bayan an ɗauke ruwa. Ban gan ta ba, ban kuma nemi ganinta ba. Da izinin mahaifinta na rubuta wannan. Ran da labari ya fito, Kafayatu ce ta ɗauko ruwa da soso ta wanke ƙofar, tana yi tana zagin duk layin, har da kanta.

Har yau akwai masu cewa ai ya san abin da ke cikin raɗar tun farko, shi ya sa ya yi ƙarfin hali. Na bi wannan ma. Gwaggo Mariyamu ta yi dariya har da tari. "Wannan? Ko 'zo ka sha nono' bai sani ba da Fillanci. Na gwada shi."

Malam Ndaceko, na zo neman inda ka tsage, na koma hannu wofi. Kai ne ka ƙera kunne da tarkacen da muka zubar, sannan ka ji tsoronsa fiye da yadda muke jin tsoron namu. Kai ne ka ɗauki maganar da ta faɗo maka bisa kuskure a matsayin ajiya, ba tsintuwa ba. Ka tsaya wa mutumin da ba danginka ba, ba ka san ko mai gaskiya ne ba, don kawai a ji shi yana zaune. Da gaskiyarka ta zo hannunka kuma, ka riƙe numfashi kamar yadda ka saba, saboda abin da ke reto a tsakiya ya fi ziri saurin tsinkewa. Maƙerin iska, mun gode. Allah Ya saka maka, Ya ba hannunka sauƙi, Ya rufa maka asiri yadda ka rufa na wani.

Mu kuwa, kowannenmu yau yana yawo da kunne a aljihu. Muna ɗaukar muryar mutane a mota da gidan makoki da bakin asibiti, mu tura wa duniya kafin mu gama saurare, ba mu san wa ke kuka a ciki ba. Ba na ce kowa ya koyi yanka ziri ba. Layin gawayin nan dai kowa zai iya ja.

Ranar da na je yi masa tambayoyi na ƙarshe, muna zaune a bencin ƙofar shago. Na ciro wayata na ce, "Baba, zan ɗauki maganarka, ka yarda?" Ya ce ya yarda. Na kai yatsa zan danna, sai ya ɗora hannunsa mai rawa a kan nawa, ya nuna bayana da haɓa. Kafayatu ce da wata mata, kansu a haɗe, suna magana ƙasa-ƙasa a bakin tukunya.

"Ni na yarda," ya ce. "Su fa, ka gaya musu?"